Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Ranar da Malam ya ƙi karɓar aiki a hannuna

Satin da ya wuce na tsaya a inda na fara feloshif a ɓangaren tiyatar hanta da matsarmama, wato ƙarin horon da likitan fiɗa ke yi bayan ya gama residansi (shekarun horon ƙwarewa a asibiti), ka riga ka ƙware amma ka sake komawa ɗalibi a fanni guda tak. Yau labarin wata na uku zan ba ku.

Gaskiya lokacin da na zo ina ji da hannuna. Cire matsarmama ta laparoskofi, wato ta ƴan ƙananan huji da kyamara ba sai an tsaga ciki ba, aiki ne da na yi ta yi har na daina ƙirgawa, kuma an san ni da sauri. Malam kuwa, babban likitan da aka haɗa ni da shi, saurin nan nawa bai taɓa burge shi ba. In ina aiki sai ya wanke hannu ya sa riga da safar hannu kamar kowa, sannan ya haɗe hannayensa a gaban ƙirji ya tsaya gefena yana kallon allo, ba ya cewa komai sai tambaya. Abin yana ci min rai sosai a lokacin, ina ganin kamar bai yarda da ni ba ne.

Ranar da nake magana wata baiwar Allah aka kawo, tsakuwa ta toshe mata matsarmama kwana da kwanaki, wurin ya kumbura ya yi tauri. An sa mata barci, muka hura cikin da iskar kabon dayoksaid, ina saka kyamara na ga kitse da hanji duk sun manne a jikin matsarmamar. Na fi minti 40 ina ɓanɓara a hankali, zufa ta jiƙa min hula, can sai ga wani bututu fari ya bayyana, siriri, yana tafiya daidai inda nake sa ran ganin ƙaramin bututun da ke fitowa daga matsarmama. Raina ya yi sanyi. Na miƙa hannu na ce wa nas ta ba ni kilif, ɗan maƙalen da ake matse bututu da shi, in ɗaure in yanke.

Sai na ji muryar Malam ƙasa-ƙasa, ya ce Sista riƙe shi tukuna. Ya juyo ya ce Dokta me kake gani? Na ce ƙaramin bututu ne ranka ya daɗe. Ya ce toh, ina ya nufa? Bi shi da idonka ka faɗa min da bakinka.

Na bi shi. Wallahi har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi. Bututun nan bai shiga matsarmama ba, wucewa ya yi sama ya nufi hanta, ta ƙasa kuma ya nutse bayan farkon ƙaramin hanji. Babban bututu ne, wanda duk ruwan da hanta ke fitarwa ta nan yake bi ya sauka hanji. Kumburin ya cinye ƙaramin bututun ya gajarce, ni kuma jan da nake wa matsarmamar ya ɗago babban ya miƙar da shi har ya yi kama da wanda nake nema. Da na yanke shi da matar nan ta farka da wani bala'in da ya fi wanda ya kawo ta, ruwa na zuba a ciki ko shawara ta kama ta, sai an sake babban aiki an ɗinka bututun da hanji, wasu kuma haka suke fama da ciwon shekara da shekaru.

Hannuna ya fara rawa, na ja baya kaɗan don in ba shi wuri, don abin da na saba kenan. A residansi akwai wani oga da muka yi aiki a ƙarƙashinsa, kana yin kuskure zai fizge ƙarfen daga hannunka ya ture ka gefe, ga faɗa a gaban kowa, sai ka koma riƙe kyamara har a gama. Ba na cewa bai iya aiki ba, ya iya ƙwarai, amma abin da muka koya a wurinsa shi ne ɓoye shakka, in ba ka gane wuri ba ka yi shiru kar a karɓe. Malam ko motsawa bai yi ba. Ya ce ina za ka? Maras lafiyarka ce. Ja numfashi, ba jini ke zuba ba, ba inda muke sauri. Yanzu me ya rage maka?

Na ce in koma sama in bi jikin matsarmamar. Ya ce bismillah. Na sake kusan awa guda, wurin ya ƙi buɗuwa, komai ya haɗe kamar an zuba siminti. Daga ƙarshe ni da kaina na ce ranka ya daɗe ba zan samu ganin da nake so ba, zan buɗe matsarmamar in kwashe tsakuwar in cire abin da ya ciru in bar guntun gindin, in sa roba ta tsane ruwa. Ya gyaɗa kai kawai. Haka aka yi, ni na fara ni na rufe.

Bayan mun fito ya kira ni ofishinsa ya miƙo min farar takarda da biro, ya ce zana min abin da ka zaci ka gani, a gefe kuma zana abin da yake wurin. Ina zane yana bayani. Ya ce tun da Erich Mühe ya fara cire matsarmama ta laparoskofi a Jamus a 1985, Philippe Mouret ya biyo a Faransa a 1987, aikin ya bazu duniya cikin ƴan shekaru, sai aka ga raunin babban bututu ya ƙaru fiye da lokacin da ake tsaga ciki, kuma ba sababbin hannu kaɗai ke faɗawa ba, ido ne ke yaudarar mutum ya ga abin da yake so ya gani. Shi ya sa a 1995 Steven Strasberg ya fito da sharaɗi uku kafin a ɗaure komai, ka share kitse da tantanin da ke kusurwar da ke tsakanin ƙaramin bututu, babban bututu da hanta tas, ka raba kashi ɗaya cikin uku na gindin matsarmama daga jikin hanta, sannan ka ga abu biyu kacal suna shiga cikinta, bututu ɗaya jijiyar jini ɗaya. Na san wannan fa, na amsa shi a jarabawa, na ma koyar da na ƙasa da ni. Amma a ranar ko ɗaya ban cika ba na nemi kilif, saboda na gaji kuma ina so a ce na gama da wuri.

Sai ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce shi ya taɓa yanke wannan bututun, yana matashin likita, ba kowa a gefensa da zai ce masa dakata. Ya ce shi ya riƙa duba mutumin a kilinik shekaru bayan nan, duk zuwa sai ya kalli tabon. Ban taɓa jin babban likita ya faɗa wa na ƙasa da shi irin wannan maganar ba. A nan na gane tsayuwar da yake yi hannu a ƙirji ba raini ba ce, kuma ba hutu yake ba, duk motsin ƙarfena yana lissafe da shi, ya san daidai inda zai bar ni in yi ta fama da inda dole ya tsayar da ni. Yanzu da nake tsaya wa wasu na san wahalar abin, hannunka na ƙaiƙayi ka san za ka gama cikin minti 10 amma ka daure.

Bai bar ni haka ba kuma. Washegari ya ce ni zan je in yi wa matar da mijinta bayanin dalilin da ya sa aka bar guntun da kuma robar da ke gefen cikinta, ya raka ni amma ya tsaya bakin gado bai sa baki ba. Ranar taron da muke bitar matsalolin tiyata kuma ya sa na gabatar da aikin duk da ba a samu rauni ba, da bidiyon da komai, har daidai wurin da na miƙa hannu ina neman kilif. Kunya ta kama ni ba kaɗan ba, na ɗan ji haushinsa ma a daren. Da wani ya fara yi min tambaya da gatse sai Malam ya ce ina tsaye a wurin, in akwai laifi namu ne mu biyu, a yi tambaya a kan bidiyon.

Matar ta samu sauƙi, aka cire robar bayan ƴan kwanaki aka sallame ta. Tun daga ranar ba na neman kilif sai na faɗi sharuɗɗan nan uku da ƙarfi kowa na ɗakin ya ji, nas ɗin ma ta saba, ba ta miƙo min sai na faɗa. Takardar zanen tana nan cikin littafin da nake rubuta ayyukana.

Sati mai zuwa in Allah ya kai mu zan kawo labarin daren da aka kira ni ƙarfe 2 kan wani da hantarsa ta fashe a hatsarin mota, Malam kuma ya yi tafiya.