Siliki na gaske baya dafa mutum, na roba ne ke wannan aikin

Kullum sai na ji ana cewa wai siliki zafi gare shi, baya sakuwa da bazara, kuma gaskiya maganar nan tana damuna don yawancin abin da ake miƙo mana a kasuwa da sunan siliki foliyesta ne kawai aka yi masa sheƙi. Shi kuwa foliyesta ɗan uwan roba ne, laimar da yake sha ko kashi 1 cikin 100 na nauyinsa bata kai ba, to gumi ta ina zai bi? Dole ya kwanta a jikin mutum.

Na gasken tsutsa ce ke saƙa shi, wadda ake kiwo da ganyen malberi, ƙasar Sin ce kan gaba a harkar sai Indiya, kuma gidan tsutsa guda ɗaya zare ne ɗaya tal mai tsawon ɗaruruwan mita. Furotin ne irin dangin gashin kanmu. Yana riƙe laima wajen kashi 11 cikin 100 ba tare da an taɓa an ji shi a jiƙe ba, ya zuƙe gumin daga fata ya sake shi a iska, a nan sanyin da ake ji yake fitowa. Sannan baya barin ɗumi ya ratsa shi da sauri, ga iska da ke maƙalewa tsakanin siraran zarurrukan, shi yasa da hunturu ɗan mayafi mara nauyi sai ya tare maka sanyi fiye da yadda kake zato. A Sin har bargo suke cusawa da shi.

Amma fa a ranar Afrilu ta Sakkwato ko Maiduguri ni dai har gobe auduga zan zaɓa, don in gumi ya yi yawa siliki mannewa yake a jiki kuma ya bar shati.

Mu ma muna da namu ai, tsamiya, wadda tsutsar daji ke yi a bishiyar tsamiya da doka, a dafa gidan da ruwan toka har danƙon ya saki, mata su kaɗa zaren a yi aikin babbar riga da shi. Ita ma duk ƙa'idar kula da ita ɗaya ce da ta siliki, kuma wallahi ina jin ciwo in na ga an kai irin wannan rigar wajen guga an ɗora mata dutsen gawayi da ya yi jajir. Daga wajen digiri 170 siliki ke fara rawaya yana mutuwa, kuma in ya ƙone shikenan babu gyara, don haka kar dutse ya wuce 150, a juya bayan rigar, a shimfiɗa ƙyallen auduga a kai, ya fi kyau ma tana da ɗan danshi. Shanya a tsakar rana ma tana cinye ƙarfin zaren, a inuwa ake shanya shi.

In zaku saya ku roƙi ɗan zare daga gefen yadin ku kusanta masa ashana. Na gaske warin gashi da aka babbake zai yi, da an janye wutar zai mutu, tokar baƙa ce tana murmushewa a yatsa. Na roba narkewa zai yi ya dunƙule ya yi tauri, ko ka matsa ba zai fashe ba.