Ziyara a Unguwannin Ahmed Abdul-Malik a Birnin New York

Daga unguwar Bronx, inda na sauka a gidan wani ɗan uwa cikin Hausawan Gana da Nijar da ke zaune a can, na shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa zuwa Brooklyn domin in ga inda Ahmed Abdul-Malik ya tashi. Mutumin nan makaɗin jaz ne, kuma abin kiɗansa shi ne bas, wato ƙaton gogen nan mai tsirkiya huɗu wanda ake kaɗawa a tsaye, wanda amonsa mai kauri ke riƙe da sauran makaɗa kada su kauce wa kiɗa.

Na sauka a Bedford-Stuyvesant, tsohuwar unguwar baƙaƙen fata mai jerin gidajen jan dutse. A Brooklyn aka haife shi a watan Janairun 1927, aka raɗa masa suna Jonathan Tim, kuma da ƙaramin gogen Turawa ya fara koyon kiɗa tun yana yaro kafin ya koma kan bas. Yana saurayi ya musulunta ta hannun 'yan Ahmadiyya, kamar yadda makaɗan jaz da dama suka yi a wancan zamani, ya ɗauki sunan da duniya ta san shi da shi. Ya sha faɗin cewa mahaifinsa mutumin Sudan ne, amma binciken masanin tarihi Robin Kelley ya nuna cewa iyayensa daga tsibirin Saint Vincent suka yi ƙaura. Ina tafiya a titin Fulton, inda na wuce masallacin At-Taqwa da shagunan mutanen Afirka ta Yamma, na ji a raina cewa saurayin da aka raba kakanninsa da asalinsu ta hanyar cinikin bayi bai cancanci zargi mai tsanani ba don ya nemi ƙasar da zai kira tasa.

Abin da ya fi buɗe mini ido shi ne tafiyar da na yi daga nan zuwa ƙarshen titin Atlantic, inda Larabawan Siriya da Labanan suka kafa shaguna tun kafin a haife shi. Har yanzu ana sayar da zaitun da dabino da burodin Larabawa a wurin, ga ƙamshin gahawa yana tashi. Tazarar ba ta da yawa, kuma sai da na taka ta na gane cewa bai buƙaci ƙetare teku ba kafin kiɗan Gabas ya shiga kunnensa, domin maƙwabtansa ne ke yin sa. Ya koyi kaɗa udu, molon Larabawa, ya kuma lura cewa makaɗan Larabawa suna daɗewa a kan zubin murya guda suna ƙirƙirar sabon salo nan take, abin da ya yi kusa da yadda 'yan jaz ke yi. A 1958 ya fitar da faifan Jazz Sahara, inda ya haɗa udu da ƙanun (abin kiɗan Larabawa mai tsirkiyoyi da yawa) da ƙaramar gangar Larabawa da sarewar saksofon ta Johnny Griffin. A ganina, wannan faifai ya riga zamaninsa, kuma ba a ba shi darajar da ta dace da shi ba.

Da la'asar na haye zuwa Manhattan, na tsaya a dandalin Cooper, inda gidan kiɗan Five Spot yake a da. An rushe ginin tun shekarun 1960. A nan ne Abdul-Malik ya riƙa kaɗa wa shahararren makaɗin fiyano Thelonious Monk bas a 1957 da 1958, aikin da ba kowa ke iyawa ba, saboda Monk kan ɗauke hannu daga fiyano ya bar mai bas da mai ganga su ɗauki nauyin kiɗan. Shi ne kuma ya kaɗa bas a wasan da Monk da mai busa saksofon John Coltrane suka yi a zauren Carnegie a Nuwamban 1957, wanda sai a 2005 aka gano naɗinsa a Laburaren Majalisar Dokokin Amurka.

A ƙarshen 1961 ya je Legas tare da abokin ƙuruciyarsa Randy Weston, makaɗin fiyano, da wasu mawaƙan Amurka, kuma shekara guda bayan haka ya fitar da faifan Sounds of Africa, wanda ake jin ɗanɗanon kiɗan hailaif a cikinsa. Daga baya ya fi mai da hankali ga koyarwa, har a Jami'ar New York, kafin ya rasu a watan Oktoban 1993.

Da dare na gangara matakalar Village Vanguard, ƙaramin gidan kiɗa na ƙarƙashin ƙasa da ke aiki tun 1935, inda Coltrane ya gayyaci Abdul-Malik ya yi kiɗa tare da ƙungiyarsa a 1961. Na zaɓi kujerar da ke fuskantar mai bas, na bi yatsunsa da ido har aka tashi, sannan na kama jirgin komawa Bronx.