Kufan Fotheringhay, inda aka sare wa sarauniya kai

Duk mai niyyar zuwa Fotheringhay ya karanta tarihin wurin tun daga gida, domin babu mai gadi, babu ɗan jagora, ko sisi ba a karɓa. Ƙaramin ƙauye ne a lardin Northamptonshire na Ingila, kusan mil huɗu daga garin Oundle. Na bi wata hanyar gona, sai ga wani tudu lulluɓe da ciyawa a bakin kogin Nene, tumaki na kiwo a gindinsa.

Tudun nan mutane ne suka tara shi da hannu wajen shekarar 1100, suka ɗora hasumiya a kansa, wurin ya zama fada mai ganuwa. A nan aka haifi Sarkin Ingila Richard na Uku a 1452. A nan kuma aka yi wa Sarauniya Mary ta Scotland shari'a, aka sare mata kai ranar 8 ga Fabrairu 1587, da sa hannun 'yar'uwarta Elizabeth ta Ɗaya, Sarauniyar Ingila. A ƙarni na 17 aka rushe fadar, aka kwashe duwatsun. Abin da ya rage dunƙulen gini ne guda ɗaya kusa da ruwa, an kewaye shi da ƙarfe, an manna masa alluna. Na tarar wani ya soke furanni a jikin ƙarfen. Abin ya taɓa ni ƙwarai: mace ta shafe shekara 19 a tsare, ƙarshenta ya zo a filin da yau tumaki ke tattakawa.

Daga ƙasa ba a gane komai, sai an hau tudun. Daga sama na ga kwarin da aka haƙa ya zagaye shi, da shimfiɗaɗɗen filin da ɗakuna suke a da, kamar yadda ake gane sawun tsohuwar ganuwa a Kano ko da ta zaizaye. Hawan gajere ne amma da santsi, ga ƙaya, don haka a sa takalmi mai kauri. Kowace ƙofar shinge aka buɗe a rufe ta, gonar mutane ce.

Kada a wuce cocin ƙauyen mai hasumiya kusurwa takwas. Iyayen Richard suna kwance a ciki. Ita Mary a babban cocin garin Peterborough aka fara binne ta, sai a 1612 ɗanta Sarki James ya mayar da ita cocin Westminster a Landan.