Ashe ƙarfin hannuna nake aunawa

Har yau in na ratsa ta Kasuwar Dole na hango 'yan dako, sai wani dattijo ya faɗo mini a rai, kunya ta rufe ni. Sati uku cur na hana shi neman abincinsa saboda wata lamba da ba tasa ba ce.

Ciwon baya ne ya kawo shi wurinmu, mu masu gashin ƙashi da a nan Damagaram aka fi sani da kine. Lokacin ban daɗe da samun dinamomita ba, 'yar na'urar nan ta auna ƙarfin tsoka da ba ta wuce tafin hannu ba. Sai rawar kai nake, don na gaji da awon 0 zuwa 5 da muke yi da hannu, wanda duk mai ɗan ƙwari 5 yake samu. Na kwantar da shi rub da ciki, na ɗora ta tsakanin allunan kafaɗunsa, na ce, "Baba, ɗago ƙirji, turo iya ƙarfinka." Sau uku, daƙiƙa biyar-biyar. Kilo 24.

Bayan sati shida yana motsa jiki na sake awo, kilo 25. Ya ce, "Likita, ni fa na ji sauƙi, ko buhun gero ka ba ni zan saɓa." Na nuna masa gilashin na'urar, na ce ƙarfi bai ƙaru ba, ya ƙara haƙuri. Ya yi shiru, ya ɗauki hularsa.

Ranar da asirina ya tonu, sati uku bayan haka, wani abokin aikina ne ya karɓe ni, ƙato ne, ya kusa biyuna. Gado ɗaya, na'ura ɗaya, ya auna dattijon ya samu kilo 37. Na ce batir ne, muka canza. Na sake gwadawa yana kallo, sai ya ce, "Malam, dubi gwiwar hannunka." Lanƙwashewa take yi. Dattijon yana turowa, ni ina ja da baya ban sani ba. Tsokar baya ba ta yatsa ba ce, balle ta wanda ya shekara ashirin da kaya a ka. In ta fi ƙarfin mai riƙe da na'ura, lambar tana tsayawa ne a inda ƙarfin mai riƙon ya ƙare. Wannan 24 da 25 ɗin duk nawa ne.

Yanzu ba na riƙe ta da hannu a awon baya ko na ciki. Tsohon bel ɗin kujerar mota na saya wurin masu gwangwan, na zagaya shi ta ƙarƙashin gado ya danne na'urar, wani kuma ya kame ƙugu. Wurin ɗorawa ma sai na auna da tef daga ƙashin nan da ya fito a gindin wuya, na rubuta a kati, don in ta ɗan gangara ƙasa lamba ta kan hau ba tare da mutum ya ƙara komai ba. A zafin Afrilu kuwa sai an share gumi, in ba haka ba zamewa take. Da bel, ni da ƙaton nan bambancinmu ba ya wuce kilo ɗaya ko biyu.

Na ba dattijon haƙuri. Ya yi 'yar dariya ya ce, "Ai na gaya maka, ɗana." Bashin da ya ci a sati ukun nan kuwa bai ambata ba, a bakin ɗansa na ji daga baya.