Sauti biyar a gindin darbejiya

Asabar, bayan isha'i.

Da ƙyar nake danna wayar nan, kan yatsuna na hagu sai raɗaɗi yake yi. Iskar hunturu ta fara, fata na tsagewa, ga tsirkiyar ƙarfe tana shiga daidai tsagar.

Kafin azahar muka gama kakkaɓe riɗi a gonar Baba. Bayan la'asar na ɗauki jitata na koma gindin darbejiyar bayan gida, don Baba ba ya son jin ta a tsakar gida, ni ma ba na son ɓata masa rai. Jitar nan a kasuwar Maigatari na saye ta wata Alhamis, hannun wani Buzu da ya sauko daga Nijar. Tun da iska ta bushe ba ta riƙe saiti, kullum sai na ɗaure tsirkiyoyinta shida da manhajar waya, kowacce da harafin sautinta: E, A, D, G, B, E, daga mai kauri zuwa siririya.

Mako uku ke nan ina kan sikel ɗaya, wato jerin sautuka, wanda ake kira pentatonik, mai sauti biyar: A, C, D, E, G. A tsirkiya mai kauri manuni ya danna gida na 5 cikin gidajen da aka raba wuyan jita, ƙaramin yatsa na 8. Uku da ke biye 5 da 7, biyun ƙarshe a koma 5 da 8. Na haddace shi har ido rufe. Ƙaramin yatsan ne ya fi wahalar da ni, yanzu ya saba. Abin da ke damuna, in na kunna kiɗan Buzayen Agadas a waya sai in ji jitarsu kamar mutum na magana, tawa kuwa kamar ɗan firamare na ƙirga.

Ina cikin haka Kawu ya dawo daga kiwo. A ƙuruciyarsa ya yi wa mafarauta kiɗan garaya, ya daɗe da ajiyewa. Ya tsaya ya dogara da sanda.

"Kai ɗan nan, tun ɗazu nake jin ka, ka hau tsani ka sauko, ka hau ka sauko. Yaushe za ka isa inda za ka?"

Na ce, "Kawu, haka aka ce a fara."

Ya zauna kan turmi, ya ce in saurara. Ya rera wani ɗan guntun sauti da hanci, bai wuce numfashi ɗaya ba, ya yi shiru. "To, amsa mini."

Na yi ta lalube. Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi da na gano: D, C, A. Uku daga cikin biyar ɗin da nake maimaitawa tun makonni, ga su a bakin tsohon da bai taɓa riƙe jita ba. Ashe ba baƙon abu na koyo ba, a kunnena yake tun ina goye.

Akwai wuri ɗaya da muryarsa ke ɗan lanƙwasawa sama, babu gidan da ya ba ni shi. Na danna gida na 7 a tsirkiyar G, na tura ta sama da yatsu biyu har sautin ya miƙe. Sau goma yana girgiza kai, ko na zarce ko ban kai ba. A na gaba ya ce, "Yauwa!" Wannan turawar ce ta tsaga mini yatsa, kuma ban ji zafin ba sai yanzu.

Abin da ya fi yi mini faɗa a kai shi ne gaggawa. Da na gama jimla sai in afka wata. Ya ce, "Mai ba da waƙa yana barin wa 'yan amshi wuri. In ka cika ko'ina, wa zai amsa maka?" Ya tuna mini marigayi Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, da tsirkiya ɗaya tak ta kuntigi ya cika ƙasar nan. A ganina a nan bidiyoyin da nake saukewa suka gaza: suna nuna inda yatsa zai sauka, ba sa nuna inda za a yi shiru.

Dab da magariba siririyar tsirkiyar ta tsinke. Sai Sabon Gari a Kano ake samu, zan ba direban da ke lodi daga Gumel saƙo ranar Litinin. Na tuna Mdou Moctar na Nijar, da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko, har na leƙa tsohon keken Yaya da ke zaure. Amma jimlar Kawu a tsirkiyoyin tsakiya take, biyar ɗin da suka rage sun ishe ni. Ya ce gobe in same shi bayan la'asar, akwai wani taken mafarauta da yake so in lalubo.