Bindigar da ta fi ƙarfin kafaɗata

Ranar da na fara ganin elk ido da ido, a wani kwari da ke gabas da garin Meeker a jihar Kolorado, gwanki ne ya faɗo mini a rai. Sai dai wannan ya fi gwanki jiki, ƙahonsa kuma rassa-rassa kamar busasshiyar bishiya. Ƙosasshen namiji yakan haura kilo 300, macen kuwa wajen kilo 225. Ina tsaye ina haki, don wurin ya ɗara mita 2,700 a saman teku, na ce a raina lalle wannan ba dabbar ƙaramar bindiga ba ce. Wannan tunanin shi ya ci mini kuɗi, ya kuma ci mini kakar farauta guda sukutum.

Ni ba ɗan gidan maharba ba ne. Kafin in zo Amurka, iyakar sanina da bindiga bai wuce adakar wani ƙanen kakana ba, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki a danna da sanda. Aiki ya kawo ni Denba, babban birnin Kolorado, a wurin aikin kuma na haɗu da wani dattijon Bature da ya shafe shekara fiye da 40 yana hawa duwatsu duk watan Oktoba. Shi ya ja ni. Na yi kwas ɗin da doka ta wajabta wa duk wanda aka haifa daga 1949 zuwa yau kafin a sayar masa da lasisin farauta, na bi shi shekara ɗaya a matsayin ɗan dako. Da shekara ta zagayo na ce ni ma sai na mallaki tawa.

Dokar jihar ba ta da tsauri a kan wannan. Faɗin ƙwayar harsashi kada ya gaza milimita 6, nauyinta idan elk za a harba kada ya gaza giren 85 (giren shi ne ma'aunin nauyin ƙwayar harsashi), ta zama irin wadda ke buɗewa idan ta shiga jiki, bututun bindiga kuma ya kai inci 16. Daga nan sauran ya rage naka. Dattijo ya ce in nemi bindiga mai cin harsashin da ake kira .30-06, mai bututu inci 22, in huta. Na ji, amma ban ɗauka ba. A ganina harsashin da sojan Amurka suka fara amfani da shi tun 1906 ai ya zama kayan tarihi, tsoho kuma dole ya yabi abin zamaninsa.

A wani shago na tarar da matashin da ya faɗa mini abin da kunnena ke son ji. Ya ɗauko .300 Winchester Magnum mai bututu inci 26, baƙa wuluk, doguwa kamar tabarya, ya ce da wannan ko daga wancan dutsen ka hango shi ya zama nama. Na biya ban ko taya ba.

Abin da ban gane ba a lokacin shi ne harsasan biyu ƙwaya iri ɗaya suke jefawa. Faɗinta ɗaya, kuma kowannensu ana samunsa da ƙwaya mai giren 180, wato giram 12 ba kaɗan. Bambancin yana cikin kwanso. Na magnum, wanda ya fito a 1963, ya fi ciki, yana cin albarushi da yawa, sai ya tura ƙwayar da gudun ƙafa 2,960 a daƙiƙa, shi kuwa .30-06 ya tsaya a wajen 2,700. Dogon bututun ma dalilinsa ke nan. Muddin ƙwaya tana cikin bututu iskar albarushi tana ci gaba da ingiza ta, da ta fita kuwa shi ke nan. Kwanso mai yawan albarushi yana buƙatar doguwar hanya kafin ya gama aikinsa. In ka sa shi a gajeren bututu, kuɗin da ka kashe a kan ƙarin albarushin sai ya tashi a wuta da ƙara a bakin bindiga. Kowane inci da aka rage yakan ci ƙafa 20 zuwa 30 daga gudun, a magnum ma ya fi haka. To ka ga matashin bai yi ƙarya ba da ya haɗa ni da inci 26. Kawai dai bai tambaye ni ko na taɓa harba irinta ba, ni ma ban faɗa ba.

Harbina na uku a filin gwaji madubin hange ya dawo ya sare ni a gira. Jini ya gangaro mini har cikin ido, mutumin da ke tebur na kusa ya miƙo mini tsumma yana murmushi, alamar ya saba ganin irina. Na koma gida da filasta, maman yara ta dube ni ta ce, "Kai ne mafaraucin ko kai aka farauto?" Daga ranar kafaɗata ta fara tsoron bindigar tun kafin zuciyata ta yarda. Kwalin harsashi 20 sai ya yi mini wata biyu, ga tsada ga ciwo. Ina harba biyar in ce ai saiti ya yi, in naɗe kaya.

A dutse kuma wata wahalar ta bayyana. Elk da ya ji motsin mafarauta ba ya zama a fili, yakan kutsa cikin duhun itatuwa inda kututture ya faɗi kan kututture, sai ka riƙa hawa kana sunkuyawa. Bututun ya fi kaina tsawo idan na rataya, kowane reshe sai ya gaisa da shi, ƙanƙarar da ke kan reshen ta zubo mini a wuya. Da madubi da harsasai bindigar ta haura kilo huɗu da rabi. A falo wannan ba komai ba ne. Bayan awa shida a tudu, sai ka rantse wani ne yake ƙara mata duwatsu.

Kwana na huɗu da sanyin safiya wani namiji ya fito bakin fili, na'urar awo ta ce yadi 180. Ya ba ni gefe, ya tsaya cak. Na durƙusa, na ɗora bindiga a kan jaka, na yi bisimilla, na ja kunama. Ya ɗaga kai, ya juya, ya shige daji ba ko ɗingishi. Awa biyu muka yi muna bin sawu a kan ƙanƙara muna neman ɗigon jini, ko gashi ba mu gani ba. Daga baya dattijo ya gano inda ƙwayar ta tone ƙasa, can gabanin inda dabbar ta tsaya. Na ji kunya, amma na gode wa Allah da ban raunata shi ya je ya mutu a banza ba.

Dattijo bai ce mini uffan ba sai da muka koma gari. Ranar Asabar ya kai ni filin gwaji, ya ce in juya baya, shi zai riƙa sa mini harsashi. Na farko ya tashi, na biyu ya tashi. A na uku na ja kunama sai na ji ƙyas, ashe kwanson wofi ya saka. Bindiga ba ta tashi ba, amma bakinta ya dunguri ƙasa, idona biyu a rufe, kafaɗata ta riga ta kai naushi gaba. Ni da kaina na ga abin da nake yi. Ya dafa ni ya ce, "Ɗana, ba ta yi maka laifi ba. Kai ne kake gudunta."

A daren na zauna da teburin lissafin da ake bugawa a jikin kwalin harsashi. Komai nisan jifa ƙasa zai faɗo, tambayar ita ce da inci nawa. Idan an saita su biyun a yadi 200, a yadi 300 ƙwayar .30-06 tana sauka da wajen inci 8, ta magnum kuma wajen inci 7 ko ƙasa kaɗan. Huhun elk da zuciyarsa kuwa wuri ne da ya fi faifai faɗi. Wato a iyakar nisan da ni zan iya harbi, inci ɗaya ko biyu na saya da tsagaggiyar gira. Sai an wuce yadi 400 ratar take buɗewa sosai, can kuma ba wurina ba ne. Akwai masu iya magnum ɗin, na gan su, suna harba kwali biyu a zama ɗaya ko gezau. Su ta dace da su.

Na sayar da ita da asara, na sayi .30-06 mai inci 22. Da muka auna da na'ura, gudun ya tsaya wajen ƙafa 2,650. Na daina harbi daga tebur, na koma durƙuso da zama da kwanciya a kan jaka, yadda za a yi a daji. A bazara ɗaya na harba abin da ya ninka na waccan sau da yawa, don yanzu ba na fargabar ranar Asabar. Na kuma yanke wa kaina iyaka: abin da ya wuce yadi 300 ba nawa ba ne.

Inda na fi ɓata lokaci a karo na biyu shi ne zaɓen ƙwayar kanta, abin da a karon farko ban ko kalla ba. Elk yana da kaurin fata da ƙashi, ƙwaya mai laushi tana iya tarwatsewa a kafaɗa ba ta isa huhu ba. Irin abin da ya sami wani maharbi Ba'amurke, John Nosler, ke nan a 1946 a Kanada, lokacin da ya harbi wata dabbar da ta fi elk girma da bindigar magnum ƙwayar ta kasa ratsawa. Shi ya sa a 1948 ya fito da ƙwayar da ake kira Partition, wadda aka raba cikinta biyu da bango: gaba ya buɗe, baya ya riƙe nauyi ya ci gaba da kutsawa. Ita na ɗauka, mai giren 180. Masu son ta jan ƙarfe zalla ma suna da hujja, ba ta barin ɓarɓashin dalma a nama.

Ana yawan tambayata batun sauran bindigogi. Wanda ya riga ya mallaki .270 ko .308 ko 7mm Remington Magnum kuma ya saba da ita, ban ga abin da zai kai shi shago ba. Ita 6.5 Creedmoor da matasa ke yayi tana kashewa, amma ba ta yafe kuskure, in dabba ta karkace gara a haƙura. Masu ɗaura abin rage ƙara a bakin bindiga kuma, wanda doka ta halatta a Kolorado, su ne ke da dalilin yanke bututu zuwa inci 18 ko 20, don abin yana ƙara tsawon inci shida ko fiye.

A Nuwamban da ya biyo na sami lasisin harbin macen elk. Da la'asar sakaliya garke ya gangaro shan ruwa, na zaɓi ɗaya da ba ta tare da ɗa, yadi 140. Wannan karon na ga lokacin da ƙwayar ta shiga bayan kafaɗa, don idona a buɗe yake. Ta ruga kamar taku 50 ta kife. Kafin in isa rai ya fita, bisimillar da na yi wajen harbi ta wadatar. Da muka feɗe, huhu biyun duk a huje, ƙwayar ta fita ta ɗaya gefen.

Sawu uku muka yi kafin mu kwashe naman zuwa mota, cinya ɗaya kaɗai ta ishi mutum kaya. A sawu na ƙarshe, cikin duhu da fitilar goshi, har ita mai inci 22 ɗin sai da ta dame ni. Na ce wa dattijo ina ganin zan kai ta a rage mata inci biyu. Bai ko waiwayo ba, ya ce in bar bindiga ta huta, in rage tuwon dare.