Kada ka juye ledar nan a babban tanki

Ranar Juma'a bayan la'asar na je gaida wani aminina a nan Jidda, na tarar da ɗansa tsugune gaban tankin gilashi, waya a hannu ɗaya tana ɗaukar bidiyo, ledar kifi a ɗaya hannun. Kifin irin na Bahar Maliya ne, mai jiki shunayya da jela ruwan ɗorawa, cikin dangin da masu shago ke kira tang. Har ya kwance bakin ledar. Na ce, "Kai, dakata! Yaushe ka sayo shi?" Ya ce, "Yanzun nan, Kawu. Lafiyarsa ƙalau, a gabana ya ci abinci." Gabana ya faɗi, domin da wannan maganar na yaudari kaina shekarun baya.

Sha'awar kifin ruwan gishiri ta kama ni ne bayan na kai yara gidan kallon kifi na Fakieh da ke bakin teku. Na haɗa tanki mai cin lita 400, na yi shekara biyu ina rainonsa. Gishiri a kan 1.025 a ma'aunin gishirin ruwa, zafin ruwa digiri 25, duk mako sai na sauya wani kaso na ruwan. Murjani ya kama, jatan lande suna yawo, kifi tara suna zaune lafiya. Sai na ga wani tang a shago, farashi ya sauka, raina ya biya.

Ba zan ce ban san maganar killace sabon kifi ba. Na sani, na karanta, har ƙaramin tanki ina da shi a sito. Amma gidan haya ne mai ɗaki biyu, uwargida ta gaji da bokitai a falo, mai shago kuma ya rantse kifin ya yi sati biyu a wurinsa. Ga shi duk kifayen da na zuba a baya haka na zuba su, ba abin da ya faru. Wa zai ga laifina? Har yau nakan ce da mai shagon ya gaya mini tankunansa duk ruwa ɗaya ke zagaya su, da na yi tunani. To amma shi ya biyo ni gida ya juye ledar? Hannuna ne.

A kwana na biyar na ga ɗige-ɗige farare a jikinsa kamar an barbaɗa masa gishiri, yana goga jiki a dutse. Bayan kwana uku suka ɓace. Na yi murna, na ce tafarnuwar da nake cuɗa masa a abinci ce ta yi aiki. Ashe haka cutar take. Wannan ƙwaya, Cryptocaryon irritans, takan yi kwana 3 zuwa 7 tana ci a fatar kifi, sai ta saki ta faɗa kan yashi ko dutse, ta rufe kanta cikin ɓawo, ta rarrabu zuwa ɗaruruwa, sannan su fito neman kifi. Ranar da nake murna, ranar take hayayyafa a ƙasan tankina.

Da ta dawo, ba ta bar kowa ba. Maganin da ke kashe ta na jan ƙarfe ne, shi kuwa ba ya shiga tankin da ke da murjani da jatan lande, kashe su zai yi, dutse da yashi kuma su shanye shi. Na ƙara zafin ruwa bisa shawarar wani, hakan bai yi komai ba sai rage iskar da suke shaƙa. Cikin sati biyu na rasa takwas. Akwai wata mai ratsin fari da ruwan lemo, da ita na fara kiwon, takan zo ta ci a yatsana. Na dawo daga sallar asuba na same ta manne a bakin famfo, mijinta yana ta zagaya wurin. Na daɗe a tsaye ban kunna fitila ba.

Sauran biyun sai da na kwashe duwatsun tankin kaf kafin na kama su. Na kai su wancan ƙaramin tankin da na ƙi haɗawa tun farko, babban kuma ya zauna kwana 76 babu kifi ko ɗaya, domin ɓawon ƙwayar yana iya kaiwa kwana 72 bai fashe ba. Na guje wa jiran wata ɗaya, na yi na wata biyu da rabi ina kallon ruwa.

Na yi niyyar jera muku shawarwari da yawa, amma na san ku, ba za ku karanta ba. Yaran yanzu kuna son ku sayi kifi da rana, da daddare ya hau TikTok. Ba kifin kuke so ba, kallon mutane kuke so. Wannan rai ne, an ciro shi daga teku, ya sha wuya a leda kafin ya iso hannunku.

Ka haɗa ƙaramin tanki daban, ba yashi ba dutse, sai guntayen bututun roba da zai ɓuya a ciki, da soson tace ruwa wanda ya yi makonni yana aiki. Ka riƙa auna amoniya, wato gubar da ƙazantar kifi ke tarawa a ruwa, kullum, don ita kan kashe kifi a killace kafin cuta ta kashe shi. Sati huɗu mafi ƙaranci, shida ya fi. Raga da bokiti da tiyo kowane tanki da nasa, jiƙaƙƙen hannu ma yana ɗaukar cuta.

Kada ka ɗura wa kifi mai lafiya magani, jan ƙarfe guba ne, yana hana shi ci, kuma wanda ba shi da abin auna shi kada ya taɓa kwalbar. Haka nake gaya wa kowa. Amma ni idan tang ne ba na jiran ganin ɗigo, kwana 30 nake yi masa magani, saboda akwai wata cutar, Amyloodinium, da ke kama wurin numfashi ta kashe cikin kwana biyu, ba ka ga komai ba sai haki da tsayuwa a gaban famfo. Wanne za ka bi? Ka duba kifinka, ba wayarka ba.

Yaron ya ɗaure ledar yana ɓata rai. Na ce ya biyo ni ya ɗauki ƙaramin tankina da soson da ke ciki. A mota ya ce, "Kawu, sati biyu ba zai isa ba?" Na ce ba zai isa ba. Muka yi shiru har muka wuce sha-tale-tale, sannan ya ce a hankali akwai wani ƙaramin kifi da ya zuba kai tsaye ranar Talata, kuma tun jiya yake goga jiki a dutse.